Gicciyen madubin bindigata yana yawo, ina matsalar take?

MaiKaji_Batagarawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da 'yar gonar kaji a kan hanyar Ajiwa. Tun da aka gama girbi ɓeraye suka tare mani a sito, buhun dusa ba ya kwana biyu lafiya. Guba kuwa na daina sawa tun ranar da karen maigadi ya ci mataccen ɓera ya bi shi. Shi ne na nemi bindigar iska, irin wadda ake karyawa a sa harsashin dalma ɗaya, mai faɗin milimita 5.5. An haɗo mani da madubin saiti, a jikinshi an rubuta 3-9x40 AO.

Ga abin da ya dame ni. Ina kafa kwali kamar taku goma sha biyar, in yi ɗigo da biro. Yau in harba biyar su taru wuri ɗaya, gobe in zo su koma gefe kamar faɗin yatsa biyu. Jiya na ɗora bindigar a kan buhun masara na sake ta, ban taɓa ta ba, na leƙa kawai. Da na ɗan motsa kaina sai na ga gicciyen nan na ciki yana barin ɗigon yana dawowa, alhali bindiga na nan kwance. Kuma in na murɗa zoben da ke wajen ido don kwalin ya fito tar, sai gicciyen ya yi dishi-dishi, in na gyara gicciyen kwali ya dushe. Minti goma idona ya fara ruwa. Madubin ne jabu ko ni ne ban iya ba?

Bahaɗeje_a_KT:
Bakatsine da bindiga mai tabarau saboda ɓera! Allah ya kyauta. Mu a Haɗejiya mage muke ajiyewa, ba ta neman saiti.

MaiKaji_Batagarawa:
Kai dai bari, bawana. Magen da na kawo kwana uku ta yi ta gudu, gafiyoyin sun kusa fin ta girma.

Admin_Ƙofar_Soro:
Kafin a ci gaba. Kowa ya san halin da jiharmu take ciki, don haka maganar nan ta tsaya a kan kwali da ɓeran sito. Duk wanda ya karkata ta wani wuri zan goge. Malam MaiKaji, ina fata da takardunka.

MaiKaji_Batagarawa:
Da su, ranka ya daɗe. Ba ta ma fita daga gona.

Safiyo_Ƙofar_Marusa:
Wa alaikumus salam. Madubinka lafiyarshi lau, daga bayaninka ma na gane. Ni ba maharbi ba ne, aikin awon fili da hanya nake yi, amma na'urar da muke leƙawa mu karanta sandar awo cikinta ɗaya da madubin bindiga, kuma abin nan da ka gani shi ne darasin farko da ake koya wa ɗalibi. Sunanshi faralas.

Zobe biyu gare ka, kowanne da aikinshi, kai kuma ka ɗora wa ɗaya aikin duka biyun. Na baya, wanda ke wajen ido, ba ruwanshi da kwali ko ɓera. Aikinshi ya daidaita gicciyen da ƙarfin idonka, kamar yadda ake gwada wa mutum gilashi a asibiti. Na gaba, can bakin madubin, wanda harufan AO ke nufi, shi ne na nisa. Duba shi za ka ga lambobi a zagaye, 10, 15, 20, 30, 50, 100, sai wata alama kamar takwas a kwance. Ka faɗa mana a kan wace lamba yake yanzu.

MaiKaji_Batagarawa:
Na duba. Yana kan 100. Wallahi ban ma san yana juyawa ba, na ɗauka ado ne. Da ƙarfi ya motsa.

Safiyo_Ƙofar_Marusa:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Ka ce wa madubi abin da kake kallo yana yadi ɗari, alhali yana goma sha biyar. Gilashin gaba yana ɗauko hoton kwalin ya ajiye shi a wani wuri cikin bututun, gicciyen kuma yana zaune a nashi wurin. In hoton ya sauka daidai kan gicciyen, sun zama kamar zane biyu a takarda ɗaya, duk ta inda ka leƙa ba sa rabuwa. In ya sauka gaba ko baya da shi, akwai tazara a tsakani, kana motsa kai za ka ga ɗaya ya goce wa ɗaya. Shi ya sa kuma idonka ke ruwa: yana ta kai da kawo tsakanin abu biyu da ba su wuri ɗaya.

Yadda muke yi da na'urarmu, haka za ka yi. Fara da na baya. Juya madubin ya kalli farin bango ko sararin sama, ba wajen rana ba, ko da wasa kada ka leƙa rana da shi. Kalli wani abu mai nisa da idonka tsirara, sannan ka leƙa cikin madubin na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka janye. In gicciyen bai fito baƙi wuluk nan take ba, murɗa kaɗan ka sake. Kada ka zura mashi ido, domin ido na da wayo, in ka ba shi lokaci zai gyara da kanshi ya nuna maka komai lafiya, bayan minti biyar ya gaji. In ka samu daidai, ka bar zoben nan har abada, sai in wani zai yi amfani da ita ko idonka ya canza.

Sannan ka ɗora ta a buhu, ka kai jawowar, wato yawan ninkin da madubin ke jawo hoto kusa (3-9 ɗin da ke jikinshi), kan 9, ka murɗa na gaba har kwalin ya fito. Daga nan ka gyaɗa kai sama da ƙasa, hagu da dama, ba tare da ka taɓa bindigar ba. Ka ci gaba da murɗawa kaɗan-kaɗan har gicciyen ya manne wa ɗigon ya daina motsi.

Ummu_Haidar:
Ni dai ban san komai a kan bindiga ba, amma kalmar nan ta tuna mani da jarrabawar WAEC. Duk gwajin da aka ba mu a fiziks, cikin matakan kiyayewa sai mun rubuta cewa mun kauce wa kuskuren faralas wajen karanta rula. Haddace shi muka yi kamar karatun aku, sai yau na ji ma'anarshi.

Malamin_Kimiyya:
Hajiya, laifinmu ne malamai. Abin bai fi a ce yaro ya miƙe hannu ya ɗaga babban yatsa, ya rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya ba, ya ga yatsan na tsalle a kan bangon aji. Ko wanda ke zaune kusa da direba ya kalli allurar gudu, zai ga 90 direba na ganin 100. Haka mai sayen hatsi in ya tsaya gefen sikeli mai allura, shi ya sa ake rigima a kasuwa kowa na rantsuwa, kuma duka biyun ba ƙarya suke yi ba.

Bari in sa wa maganar Safiyo lissafi, don MaiKaji ya ga ko ta yi daidai da abin da ya gani a kwali. Iyakar gocewar da faralas zai iya jawowa ita ce rabin faɗin gilashin gaba, a ninka da bambancin nisan biyu, a raba da nisan da aka saita madubin. Gilashinka milimita 40 ne, shi ne 40 ɗin da ke cikin 3-9x40, rabinshi 20. Bambanci tsakanin 100 da 15 shi ne 85. To 20 sau 85 a raba da 100 ya ba da milimita 17. Wannan ta gefe ɗaya ke nan. In yau idonka ya zauna can hagu gobe can dama, tsakanin tarin jiya da na yau zai iya kai santimita uku da ɗoriya. Faɗin yatsa biyun da ka ce ke nan.

TsohonSoja_Mani:
Duk wannan boko ne. Shekara ashirin da biyu na yi ina riƙe da bindiga, ba madubi ba lissafi. Abin da aka koya mana shi ne kuncinka ya zauna wuri ɗaya a jikin katako kowane harbi. In kai bai motsa ba, ina faralas zai fito? Yaro ya koyi riƙo tukuna.

Safiyo_Ƙofar_Marusa:
Baba, gaskiyarka, in ido na dawowa tsakiya daidai kowane lokaci, ba za a ga gocewa ba ko da zoben na kan lambar da ba ita ba. Amma wannan a filin horo ne, mutum na kwance a natse. Shi MaiKaji cikin sito yake da dare, ya durƙusa bayan buhu, wani lokaci ya leƙa ta taga. Tunda madubin ya zo da maganin abin, me zai sa ya bar shi?

TsohonSoja_Mani:
Ban ce kada ya murɗa ba. Na ce kada ya ɗauka murɗawar za ta yi mashi harbi. Za ku gani.

Ɗan_Kusugu:
Gaisuwa daga Daura. Nawa madubin 4x32 ne, na duba gaba da gefe babu wani zobe mai lamba. Ke nan ni ba ni da magani? Kurciyoyi da ke cinye mani gero a shanya nake kora da ita, ba su wuce taku ashirin.

Malamin_Kimiyya:
Ɗan_Kusugu, naka a masana'anta aka ɗaure shi a nisa ɗaya. Waɗanda aka yi don manyan bindigogin farauta yawanci yadi 100 ne, na ƙananan kuma 50. Amma abin bai kai na MaiKaji muni ba, saboda jawowarka huɗu ce kawai. Abin da ke faruwa shi ne duk milimita ɗaya da idonka ya kauce daga tsakiya, ana ninka shi da lambar jawowa. A madubin MaiKaji yadda yake a da, kaucewar milimita ɗaya a kan 9 tana ba da kusan milimita 8 a kwali, a kan 3 kuwa biyu da rabi. Don haka mai madubin da ba ya gyaruwa ya rage jawowa in yana harbin kusa.

Sai dabara ɗaya. Ka ɗan ja kanka baya har baƙin zobe ya bayyana a gefen hoton. In kaurin baƙin ya zama ɗaya ta ko'ina, idonka na tsakiya. Nan ne maganar Baba TsohonSoja take aiki sosai.

JikanMaharba:
Kakana a yankin Ruma da bindigar toka ya yi farauta har ya tsufa, shi ke ɗura albarushinshi, ba a taɓa jin ya dawo hannu rabbana ba. Yanzu an zo ana auna ɓera da rula. Zamani!

Bahaɗeje_a_KT:
Bindigar toka watsa ƙarfe take yi kamar mai shuka gero, ko makaho ya harba sai ya samu wani abu. A sito kuma in ya harba ta, da ɓeran da buhun da kwanon rufin duk sun tafi.

JikanMaharba:
Kai ka taɓa riƙe ta ne? Je ka tambayi maharban garinku.

Tela_Ƙofar_Ƙaura:
Tambaya. Lambobin nan na zoben gaba, yadi ne irin namu na shadda ko mita? Don na ga wani ya ce taku, wani ya ce yadi.

Safiyo_Ƙofar_Marusa:
Yadinku ne dai, inci 36. Yadi ɗaya ya gaza mita kaɗan, 0.914, wato yadi 100 mita 91 ne da 'yan kai. Wasu madubai da mita ake rubuta su, za ka ga harafin a gefen lambar. Amma in gaya maku gaskiya kada wanda ya dogara da lambobin nan, musamman a madubi mai araha. Za ka auna 15 da tef, gicciye ya ƙi tsayawa sai zoben na wajen 18 ko 20. Gyaɗa kai shi ne alƙali, ba rubutun ba. Abin da zan ba MaiKaji shawara, ya naɗa farin salatif a zoben, ya auna nisan da yake harbi a gonarshi, daga ƙofar sito zuwa bango, daga taga zuwa inda buhuna suke, ya nemo kowanne da gyaɗa kai ya sa alama da biro. Da dare sai dai ya murɗa zuwa alamar.

Kuma a lura, hoto na iya fitowa garau faralas na nan bai tafi ba. Yara masu ƙarfin ido su ne abin ya fi yaudara, domin idonsu na cike giɓin ba su sani ba. In ka kai inda gicciye ya daina motsi amma hoton bai fito sosai ba, to zoben baya ne bai zauna ba, koma ka sake shi daga farko.

Alhaji_Rafindaɗi:
Ni matsalata daban. Na haura hamsin, gilashin karatu nake sawa. Da gilashin zan saita ko in cire?

Malamin_Kimiyya:
Alhaji, yadda za ka yi harbin haka za ka saita. In gilashin karatu ne kawai, cire shi, zoben baya zai biya maka abin da ido ya rasa. In kuwa na ganin nesa ne da kake yawo da shi kullum, bar shi a fuskarka ka saita da shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka saita da gilashi ka harba babu. Kuma wanda ya saita tun yana ɗan arba'in, in ya kai hamsin sai ya sake, don ido na rage ƙarfin ganin kusa a shekarun nan.

Alhaji_Rafindaɗi:
Shi ya sa in yarona ya ɗauka ya dawo da ita sai in ga komai ya rikice. Ashe murɗa na bayan yake yi. Zan sa mashi alama da jan farce, in ga wanda zai ƙara taɓawa.

Dakta_Dabbobi:
Ku yi haƙuri in ɗan fita daga layi, amma tunda gonar kaji ce dole in yi magana. Harsashin nan dalma ce. Kaza kuwa duk abin da ta gani mai kama da tsakuwa haɗiyewa take yi, ya zauna a ƙundunta yana niƙewa. Kada ka yi harbi cikin ɗakin kaji ko kusa da inda ake zuba abinci, kuma wurin gwajinka ka sa akwati cike da yashi ko tsumma a bayan kwalin ya riƙa tara su. Mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ba abin wasa ba ce. Kada kuma ka riƙa sa harsashin a baki kamar yadda na ga samari na yi.

Na biyu, ɓeran da ka kashe kada ka ɗauka da hannu. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma lokacin rani ne ya fi tashi. Shebur, rami, a rufe. Yaran gona su ma a gaya masu, don wasunsu gafiya nama ce a wurinsu.

MaiKaji_Batagarawa:
Na gode Dakta. Sito daban yake da ɗakunan kaji, amma maganar akwatin yashi ban yi tunaninta ba. Bangon bulo ne a bayan kwalin, har wani ya taɓa dawowa ya bugi bokiti kusa da ƙafata.

TsohonSoja_Mani:
Ka ji ko? Wannan ya fi faralas ɗinku muhimmanci. Abin da ya dawo ya bugi bokiti zai iya dawowa ya bugi ido. Kuma kowane lokaci ka san abin da ke bayan abin da kake harbi. Madubi na rufe wa mutum gefe, kana kallon ɓera ba ka ga yaro ya shigo ba. Ka bar ɗaya idon a buɗe in za ka iya.

Lauya_Ɗan_Mashi:
Tunda Admin ya taɓo takardu, bari in ƙara haske, don mutane da yawa na ɗauka bindigar iska kayan wasa ce. A Dokar Makamai ta 1959 tana cikin rukunin da lasisinshi ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, tare da bindigar farauta. Bindigar toka ita ce aka bar wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kuma a yanayin da ake ciki, abu mai dogon baki da madubi a kai, jami'in da ya tare ka a hanya da magariba ba zai tsaya tambayar ko iska ke tura shi ba. A bar ta inda take aiki.

Ɗan_Kusugu:
Wannan gaskiya ne. Mu nan da ke kusa da Kongolam shingaye ba su ƙirguwa.

Injiniya_Dutsinma:
Na karanta duka, ban ga wanda ya tambayi abu ɗaya ba. MaiKaji ya ce bindigar karyawa ake yi, ke nan mai sifirin ce. Irin wannan duka biyu take yi, ta tura baya sannan ta fizga gaba lokacin da fistin ya kai ƙarshe. Madubin da ba don ita aka yi shi ba, ko na babbar bindiga ne, tana iya kwance mashi ciki. Ni na yi asarar guda biyu kafin in gane. Na farko gicciyen ne ya karkace kamar alamar sau, na biyu in ka girgiza shi sai ka ji wani abu na ƙara a ciki. Wanda ya sayar mani ya rantse na waje ne, na koma ya ce ba a mayar da kaya.

Ko madubin na da kyau, yana zamewa baya a kan layin da aka ɗaure shi, kaɗan-kaɗan ba ka lura. Ja layi da fensir a jikin bututun daidai bakin abin ɗaurin, wani kuma a kan bindigar. Harba talatin ka duba. In layin ya matsa, ba faralas ne kaɗai ke damunka ba. Sukurorin katako ma a bi su da alanki, suna kwancewa.

Safiyo_Ƙofar_Marusa:
Injiniya, ban musa ba, amma ka tuna ya ce bindiga na kwance a buhu ya ga gicciye na yawo. Sukuru ba ya yin wannan.

Injiniya_Dutsinma:
Ciwo biyu na haɗuwa a jiki ɗaya, Malam.

Ummu_Haidar:
Ni abin da ya tsaya mani, ba mu da sunan abin nan da Hausa ne? Faralas kamar sunan magani.

Malamin_Kimiyya:
A aji nakan ce "gocewar gani". Wani abokin aikina "saɓanin ido" yake cewa.

Tela_Ƙofar_Ƙaura:
Saɓanin ido ai sai a ɗauka harara-garke ake nufi. Ni "rawar gicciye" ta fi mani, kowa ya ji ya gane.

Malamin_Kimiyya:
Ta yi a bindiga, amma a rula da sikeli babu gicciye. Masu ilmin taurari ma da shi suke auna nisan tauraro, su dube shi yau su sake dubawa bayan wata shida lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Wani Bajamushe, Bessel, shi ya fara dacewa da wannan awon a 1838. Ka ga ba za a ce tauraro na rawar gicciye ba.

Admin_Ƙofar_Soro:
Daga ɓeran Batagarawa an kai taurari. A dawo ƙasa.

MaiKaji_Batagarawa:
To jama'a, ga rahoto. Da safe bayan an ɗebe ƙwai na bi abin da Safiyo ya ce. Na baya sai da na mayar da shi ciki kusan zagaye biyu, ashe can waje na kai shi garin neman kwali. Na auna da tef ɗin magina, mita 14 ne daga ƙofa zuwa bango. Gicciye ya daina motsi da zoben gaba ya ɗan wuce 15, bai kai 20 ba, na sa salatif na yi alama. Yanzu kwali da gicciye duka suna fitowa tare, har zaren kwalin nake gani, idona kuma bai yi ruwa ba. Allah ya saka da alheri.

Sai dai harbi biyar na farko sun taru kamar faɗin kwabo amma ƙasa da ɗigon ta hagu. Na murɗa maɓallin saiti na saman madubin ƙas huɗu, na gefe ƙas huɗu, ban ga sun matsa ba. Na ƙara harba goma sai biyu suka fice can sama su kaɗai.

Malamin_Kimiyya:
Ƙas huɗu ba zai nuna ba. Buɗe murfin ka duba, za ka ga an rubuta ƙas ɗaya kwatan inci ne a yadi 100. A yadi 15 ƙas ɗaya bai cika milimita ɗaya ba. In tarin ya kauce da santimita biyu, wajen ƙas ashirin kake buƙata. Tsohon saitinka an yi shi ne da ido a karkace, dole ka sake sabo.

TsohonSoja_Mani:
Biyun da suka fice sama fa? Su ma zoben ne? Na faɗa maku. Ya danne ta a buhu, ko ya fizgi kunama. Mai sifirin ba ta son a matse ta, tafin hannu za ka shimfiɗa a kan buhun ka ɗora ta, wuri ɗaya kullum, ka bar ta ta yi motsinta.

Injiniya_Dutsinma:
Ko kuma harsashin. Buɗe gwangwanin ka duba, za ka samu waɗanda bakin siket ɗinsu, wato buɗaɗɗen gindin harsashin, ya lanƙwashe, irin waɗannan ba inda ba su zuwa. Ka ja layin fensir ɗin da na ce?

MaiKaji_Batagarawa:
Na ja, amma harbi sha biyar kawai na yi, ban ga ya matsa ba tukuna. Sukurun gaba ɗaya dai na same shi a kwance, na ɗaure.

Safiyo_Ƙofar_Marusa:
Wani abu kuma, kada ka yi gwajin da tsakar rana. In ƙasa ta ɗau zafi kawalwalniya na sa hoto ya yi ta rawa a madubi, sai ka ɗauka faralas ne ya dawo. Mu ma a wurin aiki da safe ko la'asar muke ɗaukar awo mai muhimmanci. Ga hazo na tafe, ƙura za ta zauna a gilashin. Kada ka goge da bakin riga, yashi ne, zai kankare shi. Hure tukuna, sannan tsumma mai laushi irin na tabarau, ka riƙa mayar da murfin.

Ɗan_Kusugu:
Na gwada dabarar baƙin zoben nan a nawa. Tana aiki, sai dai kafin in daidaita kurciya ta tashi.

Bahaɗeje_a_KT:
MaiKaji, duk wannan bayani, ɓera nawa aka samu zuwa yanzu?

MaiKaji_Batagarawa:
Ko ɗaya. Da dare fitilar sito ba ta isa, a kan 9 duhu nake gani, sai na mayar 4 sannan abu ke fitowa. Shi ma wannan akwai zoben da ake murɗawa ne, ko fitila zan ƙaro?

Malamin_Kimiyya:
Babu zobe. Raba 40 da 9, hasken da ke fitowa zuwa idonka faɗinshi milimita huɗu da 'yan kai ne, a kan 4 kuwa goma. Bar shi a 4 ɗin, a mita 14 ya ishe ka. Fitila kuma ka nemi ja, an ce ba ta cika firgita su ba, amma wannan ban gwada da kaina ba.

JikanMaharba:
Ja ko kore, gafiyar da ta ga an kashe 'yar'uwarta ba ta sake bin hanyar. Ka toshe ramukan da siminti da fasassun kwalba, ka ɗaga buhunan a kan katako. Malam Bahaɗeje, magen nan taku ta Haɗejiya nawa za ka sayar mashi?